Igiya Babu Kai

A Agadas na fara sanin cewa ramin bango ma yana da ƙabila. Na zaro cajata daga ƙullin kaya, mai ƙafa uku, irin wadda kowa ke sokawa a Bauchi, na nufi bangon gidan da aka tara mu. Sai na tarar da ramuka biyu 'yan kewaye suna kallona kamar hancin akuya. Na juya ta, na karkata ta, na danna da ƙarfi.

Wata mata da ke zaune kan jarka ta ce, "Mama, bar shi haka, za ka fasa masu bango. Nan ba Najeriya ba ne."

Daga jin Hausarta na san 'yar gida ce. Sunanta Rifkatu, Kirista ce daga kudancin jiharmu, a Yalwa take zaune, tana shara a wani ofis kafin a sallame ta. Ni kuwa Hajara, daga Ƙofar Dumi, mai tuyar masa a bakin Kasuwar Muda Lawal har ranar da jari ya karye. A Bauchi da wuya mu zauna kan tabarma ɗaya. A Agadas a kwano ɗaya muka ci.

Caja dai abu biyu ce: kai, mai shiga bango, da igiya, mai shiga waya. Igiyata lafiyarta lau. Kan ne ya zama baƙo.

Da 'yar wutar da ta rage na kira 'yata Zainabu. Ita kaɗai ta tsaya mini, sauran duk na binne su. Tana aure a Gubi, gidan wani Bello, mutanen kiwo ne da suka zauna wuri ɗaya. Muka gaisa, sai ta yi shiru irin wanda na sani.

"Inna, da ma akwai maganar da ban faɗa miki ba kafin ki tafi."

"Ciki ne?"

Ba ta musa ba. Na ce, "Don ubanki, sai da na tsallake iyaka za ki gaya mini?"

Ta ce kunya ce. Ta ce ta je awo, malamar asibiti ta gwada ta ta ce jininta yana hawa, kuma ita ƙarama ce, kada ta kuskura ta haihu a gida. Amma uwar mijinta, wadda kowa ke kira Dada, ta ce a zuriyarsu mai haihuwar fari ba ta kuka, ba ta kiran kowa. Ta shige ɗaki ta ja ƙofa, sai dai a ji kukan jariri. Wadda aka kai asibiti, abin gori ne har jikokinta.

Na san Zainabu. Ko rai zai fita ba za ta buɗe baki a gidan surukai ba. Na kuma san Bello. Ba mugu ba ne, sanyi ne da shi, duk wanda ya fi ɗaga murya shi yake bi. Murya kuwa Allah ya ba ni. Tun daga bakin kasuwa ake jina har layin masu hatsi.

Na ce, "Saurara. Ranar da kika ji mararki ta murɗa, ki kira ni. Ko filashin ne. Ba sai kin gaya wa kowa ba. Ni zan kira Bello, ba zan sauka daga kansa ba sai na ji ƙarar keken da zai kai ki asibiti."

"To, Inna. Kada dai ki kashe waya."

"Ba zan kashe ba."

Tun daga ranar, wayar nan ta fi mini ruwa muhimmanci.

Na fita tasha neman kai mai ƙafa biyu. Wani mai faranti ya ɗora mini ɗaya a tafin hannu. "Ji nauyi, Hajiya. Na gaske ake ganewa da nauyi." Ya karɓi nawa mai ƙafa uku ya haɗa da ciko, wai taimakona ya yi. Na dawo na soka, waya ko motsi. Rifkatu ta ɗauki dutse ta fasa shi. Guntun ƙarfe ne a ciki, an manne shi da ƙaro. Na koma tasha ina zage-zage, masu shayi suna dariya. Wani ya ce, "Hajiya, wanda ya sayar miki ya riga ki isa Libiya."

Daga nan na zama mai igiya babu kai.

Hamada ba zan tsaya ba da labarinta ba, wasu sun riga ni. Bayan mota ne a buɗe, an kafa sanduna, kowa ya rungumi tasa, ƙafafu a waje. Abin da nake son faɗa shi ne akwai ɗan rami a gaba, kusa da sitiyari, wanda igiya ke shiga ba sai da kai ba. Rami ɗaya, wayoyi kamar ƙasa. Wanda ya zauna gaba shi ke da shi, kuma kujerar gaba ba da kuɗi ake biyanta ba, ba kuma tsofaffi irina direba ke nema ba.

Da aka tsaya hutu direban ya nuna Rifkatu da baki. Ta daɗe tana kallon ƙasa. Ba damar ƙi, mun ga inda aka sauke wata da ta ƙi. Da ta miƙe sai ta miƙo mini hannu ta ce, "Kawo wayan ka." Na ba ta.

Yini guda motar na gudu. Da yamma ta dawo bayan mota, ta miƙo mini, ba ta kalle ni ba. Na duba, ko rabi ba ta sha ba. Na ce, "Yini guda, wannan ne kawai?" Kunyar wannan magana har yau tana cina, amma na faɗe ta.

Rifkatu ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Haka yake, Maman Zainabu. A ofis namu ma, in ma'aikata ya soka a kwamfuta, har a tashi bai cika ba. Ramin mota, ramin kwamfuta, ramin talabijin, duka ɗigo-ɗigo ne, kamar famfon unguwan ku. Bango ne kawai yake ba da wuta da gaske. In kana so ya yi sauri, kashe shi."

"Na yi alkawari ba zan kashe ba."

"A nan wa zai kira ka? Aljani?"

Muka yi dariya, leɓunanmu suka tsage.

A Sabha, cikin Libiya, aka zuba mu wani gida mai dogon bango. Maza na zuwa suna zaɓa, suna duba hannu da haƙora kamar kasuwar raguna. Wata safiya aka kira Rifkatu da wasu 'yan mata aka sa su mota. Ta ɗaga mini hannu ta ce, "In ka koma, ka ajiye mini masa mai yaji." Lambarta tana nan a wayata. Na sha kira. Ba ta taɓa shiga ba.

A can na samu Zainabu a waya sau ɗaya. Ta ce ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga, Dada tana ba ta jiƙo. Na buɗe baki zan yi faɗa, waya ta ɗauke.

Ni tsohuwa ce, sai aka ga na dace da jinyar tsoho. Haka na isa Turabulus, wani gidan bene mai tayil har bango. Matar gidan, Madam nake ce mata don ban taɓa son sunanta a bakina ba, ta zazzage jakata a tsakar falo. Ta ɗaga wayata, ta danna, a mace. Ta ɗaga igiya ta kaɗa ta kamar wutsiyar ɓera. Ta yi dariya ta jefo mini su. Ba ta ƙwace ba, don me za ta ƙwace gawa? Wadda ta yi aiki kafin ni da waya ta shirya gudu, shi ya sa duk kawunan cajar gidan suke cikin wata durowa a kicin, makulli a jakar Madam.

Na roƙe ta. Su ma a harshensu kai suke ce masa, ras, don haka kada wani ya ce mini ba ta gane ba. Ta gane sarai. Ta kaɗa yatsa ta nuna mini tsintsiya.

Tsohon uban mijinta ne. Rabin jikinsa ya shanye, idonsa ya kusa tafiya. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, ni ke ba shi abinci. Akwai talabijin a ɗakinsa. Wata rana ina goge bayanta sai yatsana ya faɗa ɗan rami, irin na motar nan sak. Na tuna maganar Rifkatu. Na kunna talabijin, na soka igiya, na tsaya ina kallo kamar mai jiran tukunya. Can sai alamar batir ta fito, ja, siririya kamar zare.

Saura hanyar kira. Akwai akwatin intanet a ƙasan bene, da haruffa da lambobi rubuce a gindinsa. Da ma can a Bauchi na shiga ajin karatun manya ina da furfura, yaran unguwa suna leƙen taga suna kirana 'yar firamare. Ranar nan na durƙusa na kwafe haruffan ɗaya bayan ɗaya, na ce Allah ya saka wa malamarmu.

To, ga azabar. Ramin nan ba ya ba da wuta sai talabijin na kunne. In na bar waya a kunne, abin da ke shiga shi ke fita, a wuni a wuri ɗaya. In na kashe ta tana ɗan tarawa, amma in Zainabu ta kira fa? Sai in kashe, in share ɗaki, zuciya ta buga, in kunna in duba, kunnawar ta cinye abin da aka tara. Ga wutar garin ma ɗaukewa take. Na ce ikon Allah, na ratsa hamada don in zo in tarar da halin gida. A Ƙofar Dumi ko ba komai akwai mai shagon caji, ka ba shi ka je ka yi cefane ka dawo ka tarar ta cika fal.

Tsohon ba ya gani, amma kunnensa kamar na zomo. Wata rana waya ta yi gurnani a bayan talabijin, ya juyo da kai. Na ce shi ke nan, asirina ya tonu. Na durƙusa gabansa na haɗa 'yan kalmomin da na tsinta: 'yata, ciki, Najeriya. Da Madam ta shigo ta ɗauki rimot za ta kashe, sai ya daka tsawa da rabin bakinsa, "Halli!" Wato bar ta.

Tun daga nan talabijin ɗinsa ba ta mutuwa daga safe har a kwanta. Makaho yana kallon ƙwallo, yana kallon masu dafa taliya. Madam ta shigo ta ce Baba ai ba ka gani. Ya ce "Halli!" In ta fita sai ya kanne mini idon da ya rage. Wannan shi ne alherin da na gani a ƙasar nan, kuma daga mutumin da ko cokali ba ya iya ɗagawa ya fito.

Da abin da na tara nake kira, kuma dole na koyi rowar magana, ni da bakina ba ya gajiya. Bello zai ɗauka ya fara: "Inna, ina wuni? Ya gajiya? Ya baƙunta? Ya mutanen can? Ya zafi?"

"Bello, bar gaisuwa, wuta ba ta da yawa. Ka nemi lambar mai keke?"

"Za a nema, in sha Allahu. Ya jiki?"

"Jikin uwa! Ka nema yau."

Ashe ya kai ƙara gida, wai surukarsa ba ta amsa gaisuwa. Kira na gaba Dada ce ta karɓi wayar. Muryarta a sanyaye kamar kindirmo.

"Hajara, an wuni lafiya? Ya aikin Larabawa? Ya kewa? Ya ruwa, ana samu kuwa? Mu nan shanu lafiya. 'Yar maraƙar nan da kika sani ta girma."

"Dada, maganar asibiti..."

"Za mu zo nan. Ya ƙafarki da ke ciwo? Kin ji Malam na bakin masallaci ya rasu? Allah ya jiƙansa. Ki ce amin mana."

Na ce amin. Ta jawo wani mamacin. Ina kallon jan zaren nan yana ƙanƙancewa. Ta san abin da take yi, Zainabu ta gaya musu yadda nake samun wuta. Da gaisuwa matar nan ta cinye mini tarin yini biyu, har waya ta mutu a kunnena tana tambayar lafiyar maƙwabtan da ban da su. An zage ni a duniya, an mare ni, amma ban taɓa ganin mugunta mai ladabi irin wannan ba.

Watan haihuwa ya kama. Na daina kira, ina tara wuta don ranar. A cikin watan ne tsohon ya rasu, da hantsi, ina ba shi shayi.

Na yi masa kuka na gaskiya. Amma ba zan ɓoye ba, da na ga an lulluɓe talabijin da zane an kulle ɗakin, kukan ya zama biyu. Gida ya cika da masu ta'aziyya. Ina wanke kofuna, ina ɗora tukwane, waya tana ɗaure a ƙuguna, a kunne, tana zubar da ranta a hankali. Ta yi ja. Ta mutu.

Ban taɓa durƙusa wa mace 'yar'uwata ba, ko a gaban mai unguwa a tsaye nake magana. Ranar na durƙusa wa Madam a kicin, na kama gefen rigarta, na ce ras, na nuna ciki, na ce 'yata, yau ko gobe. Ta fizge rigarta. Abin da na fahimta a maganarta shi ne: ubanmu ya mutu kina zancen tarho.

Falon mata kuwa duk bangon wayoyin baƙi ne, kowace da farin kanta a soke, jere kamar ƙwai. Na shiga da tiren shayi, na ajiye, na zare igiyar wata na soka tawa. Ko numfashi ban sauke ba mai wayar ta ƙwala ihu, "Haramiya!" Ɓarauniya ke nan. Madam ta mare ni a gaban mutane, ta tura ni kicin, ta ce in na sake leƙa falo 'yan sanda za ta kira. Wanda ba shi da takarda ya san ma'anar wannan.

Sai da baƙi suka ragu aka kunna talabijin ɗin falo don karatun Alƙur'ani. Na lallaɓa da tsumman goge-goge na soka igiyata a baya. Waya in ta mutu murus, ramin nan ba ya tashinta da wuri. Hoton batir kawai take nunawa, wayam. Tun hantsi har azahar. Na kasa haƙuri na danna, ta haska, ta nuna sunan kamfani, ta sake mutuwa. Na ciji hannuna. Na koma na jira har aka kira la'asar.

Da ta tashi sai ta fara rawa a hannuna. Sunan Zainabu ne jere daga sama har ƙasa, in ja, wani ya fito, in ja, wani ya fito, duk na shekaranjiya. Da ban yi karatu ba, da sai in ce ban san abin da aka rubuta ba. Akwai saƙon murya ɗaya nata. Ba magana a ciki, numfashi ne kawai, irin na wanda ya cusa zane a baki, sai can ƙasa-ƙasa, "Inna. Inna."

Ƙarƙashinsa saƙon Bello. Ya yi sallama, ya gaishe ni. Ya ce ba wanda ya san ta fara, ta rufe ƙofa tun safe har gari ya sake wayewa. Sai da aka ji faɗuwarta, aka shiga aka tarar tana jijjiga, sannan aka fita neman keke. An yi mata aiki. Namiji ne. Bai zo da rai ba. Ita tana nan, likita ya ce a gode wa Allah.

Na danna kira. Waya ta mutu.

Ban san irin ƙarar da na yi ba, na dai ga Madam tsaye a kaina. Ta dubi igiyar da ke lilo a bayan talabijin, ta dube ni. Na ce mata da Hausa, don ba ni da sauran Larabci, "Ya mutu. Jikana ya mutu." Mutuwa ba ta bukatar tafinta. Ta dafe ƙirji, ta ce wani abu mai sunan Allah a ciki. Ta shiga kicin, na ji ƙarar makulli. Ta dawo da kai fari, sabo, ta karɓi igiyata da hannunta ta soka a bango. Har da dafa mini kafaɗa.

Na ɗora shinkafar dare. Kafin ta tsotse, waya ta cika. Cika fal, abin da ban gani ba tun Bauchi. Taku nawa ne daga durowar nan zuwa inda na durƙusa? Na tsaya ina kallon koren batir ɗin, na ji da ma in ɗauki tukunyar in juye wa wani.

Na fita bayan kicin na kira. Bello ya ɗauka ya fara haƙuri. Duk zagin da na tanada na wata da watanni yana bakina, ga wuta isasshiya, amma me zai tayar? Na ce, "Ba ta wayar."

Na ji motsin gado, na ji ana cewa a ɗaga ta a hankali.

"Inna."

"Na'am, uwata."

"Na kira ki."

"Na gani."

Sai ta ce, da wata murya a daidaice kamar mai ba da rahoto, "Ban yi kuka ba, Inna. Ko sau ɗaya. Dada ta ce ba ta taɓa ganin Bahaushiya mai haƙurina ba. Kowa sai yabona yake."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Wa ke kusa da ke?"

"Dada, da Bello."

"To su ji. Yi kukan yanzu. Wayar a cike take, ba inda za ni. Yi, Zainabu, ina ji."

Da fari numfashi ne kawai. Sannan abin ya ɓalle, tun daga ƙasan cikin da aka tsaga. Na ji Dada tana cewa subhanallahi, a yi shiru, mutane na ji. Na ce, "Ƙara." Ta ƙara. Shinkafar Madam ta kama, ta ƙone, hayaƙi ya cika kicin, ana ta kirana daga falo. Ban tashi ba sai da 'yata ta gama.